Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga malaman ilimin kwamfuta na Sakkwato: a gwada tsofaffin firintocinmu kafin CUPS 3 ta fito

Zuwa ga shugabanni da malaman sassan ilimin kwamfuta na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, tare da shugabannin ƙungiyar ɗalibai ta NACOS a waɗannan makarantu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamai, Allah ya ƙara maku lafiya da nisan kwana. Ni mai gyaran firinta ne a cikin garin nan, ina kuma ɗora wa mutane Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a kan tsofaffin kwamfutocin da suka gaji. Roƙo ne ya kawo ni, kuma zan faɗe shi tun daga farko don kada in cinye maku lokaci. Ina so ku sa ɗalibanku su tattaro tsofaffin firintocin da garin nan ke cin abinci da su, su gwada su da sabon tsarin buga takardu da ake shiryawa a Linux, su rubuta abin da suka gani, su aika wa masu aikin tun ana kan shiri, kafin a ce an fitar an gama.

Na san kun fi ni sanin CUPS, amma tunda wasiƙar a buɗe take, masu shagunan buga takardu ma za su karanta, bari in yi masu ɗan bayani. CUPS ita ce manhajar da ke karɓar takarda daga hannun mai aiki idan ya danna a buga, ta jera ta a layi, ta juya ta zuwa harshen da firinta ke ji, ta miƙa mata. Michael Sweet ne ya rubuta ta, ta fito a 1999. Kamfanin Apple ya sa ta cikin kwamfutocinsa a 2002, a 2007 kuma ya saye ta ya ɗauki Sweet aiki. Da Sweet ya bar Apple a ƙarshen 2019, aikin ya yi sanyi a can, sai ƙungiyar OpenPrinting, wadda Till Kamppeter ke jagoranta, ta ɗauki ragamar. Ita ta fitar da CUPS 2.4 a ƙarshen 2021, kuma wannan jerin na 2.4 shi ne ke cikin Ubuntu 24.04 da sauran irinsa da muke ɗora wa mutane a yau. Tushen manhajar a buɗe yake. Kowa na iya karantawa, ya gyara, ya kai ƙara, ya kawo shawara, ba a tambayar sa takardar shaida ko ƙasar da ya fito.

To ga abin da ake shiryawa. Shekaru da dama hanyar aiki ita ce kowace firinta da direbanta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya magana da ita, da wani fayil da ake kira PPD, wanda asalinsa na kamfanin Adobe ne, mai bayyana abin da na'urar ke iyawa: girman takarda, bugun gaba da baya, launi ko baƙi zalla. Masu CUPS sun daɗe da sanar da cewa wannan hanya ta zo ƙarshe. Duk wanda ya taɓa saka firinta da umarnin lpadmin a 'yan shekarun nan ya ga gargaɗin da ke fitowa, cewa direbobi sun tsufa kuma za su daina aiki a wani zubi na gaba. Wannan zubin shi ne CUPS 3. A cikinsa babu PPD, babu direba irin wanda muka sani. CUPS za ta yi magana ne kawai da firintar da ke jin IPP, wato wadda da kanta za ta faɗi sunanta da abin da take iyawa, kamar yadda wayar iPhone ke bugawa ta AirPrint tun 2010, ko wayar Android ta tsarin Mopria. An kuma shirya raba ta gida biyu, ɓangaren mai kwamfuta ɗaya da ɓangaren raba firinta ga ofis guda. An sha ɗaga lokacin fitowarta, har aka tsara zubin 2.5 a tsakani, amma alƙiblar ba ta canza ba.

Ba na cikin masu cewa zalunci aka shirya mana, kuma ina so a fahimci wannan sosai. Mutanen nan 'yan kaɗan ne, suna riƙe da kayan da miliyoyin kwamfutoci ke dogaro da su, kuma tsohon tsarin yana da ramuka. A watan Satumba na 2024 wani mai bincike, Simone Margaritelli, ya bayyana wasu kurakurai a cups-browsed, manhajar da ke nemo wa CUPS firintocin da ke kan hanyar sadarwa, da 'yan uwanta. Mugu na iya aiko saƙo ta ƙofa mai lamba 631, ya ƙirƙiro firintar ƙarya a kwamfutar mutum da gurɓataccen PPD, da zarar an tura mata bugu sai umarninsa ya gudana a cikin kwamfutar. An toshe ramin, amma duk mai hankali ya ga dalilin da ya sa suke son rabuwa da PPD baki ɗaya. Da ni ne a kujerarsu, da abin da zan yi ke nan.

Kuma ba su yi watsi da tsofaffin na'urori ba. Sun tanadi wata ƙaramar manhaja mai zaman tafinta: tana riƙe da tsohon direban a cikinta, ta fuskanci CUPS a matsayin sabuwar firinta mai jin IPP, ta juya ta yi wa tsohuwar magana da harshenta. Sweet ya rubuta ginshiƙin wannan aiki mai suna PAPPL a 2020. A kansa aka gina guda huɗu manya, ta PostScript, da ta Ghostscript, da ta HPLIP mai ɗauke da direbobin HP, da ta Gutenprint, sai kuma wata ta daban don direbobin kamfanoni waɗanda tushensu a rufe yake. A kan takarda shirin ya cika. Matsalar ita ce wanda ya rubuta tafintan ba ya da na'urorin da zai gwada shi da su. Babu wani ɗaki a Jamus ko Kanada da aka tara dubban tsofaffin firintoci ana kunna su ɗaya bayan ɗaya. Abin da mai amfani ya gwada ya kawo rahoto, shi ake gyarawa. Abin da ba wanda ya yi magana a kansa, ana ɗauka lafiya lau yake.

Ina kuwa waɗannan tsofaffin na'urori suke? Suna nan wurinmu. Turai da Amurka sun sallame su, an loda su a kwantena, sun sauka Legas, sun hauro Arewa a matsayin tokumbo. Ku zaga shagunan da ke bakin makarantunku, ku bi ta titin Ahmadu Bello da titin Sarki Yahaya, ku shiga Mabera da Gawon Nama da Runjin Sambo, ku leƙa kan teburan masu buga takardu. HP LaserJet 1020 da 1018 ne, da P1102, da P2035, da 1320, nan da can Canon LBP2900, sai manyan injinan kwafi na Sharp a lungu. Su ke fitar da silif ɗin JAMB, da sakamakon WAEC da NECO, da takardar NIN, da takardar kiran masu bautar ƙasa da za su sansanin Wamakko, da kundin kammala karatun ɗalibanku da kuke sa wa hannu. Kusan dukkansu ba su san IPP ba, an ƙera da yawansu kafin AirPrint ta zo duniya. Mai shago kuma ba zai canza su ba, don tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, kuɗin sabuwar firinta ya wuce inda hannunsa ke kaiwa. Tsohuwar kuwa ya san ta ciki da bai, ya san inda zai samu katirij ɗinta, ya san yaron da ke cika masa tona.

Bari in tsaya a kan 1020, don ita ce ta fi nuna abin da nake nufi. Wannan na'ura ba ta ajiye manhajar cikinta. Duk lokacin da aka kunna ta, sai kwamfuta ta tura mata wani ɗan fayil ta wayar USB kafin ta san ita firinta ce. Haka aka ƙera ta, don a rage kuɗi. A Linux ana yin wannan ne ta direban foo2zjs da Rick Richardson ya rubuta, ko kuma ta HPLIP tare da wani ƙarin kaya na kamfanin HP da sai an sauko da shi daga intanet. Mai gwaji a ƙasar da ba a ɗauke wuta zai kunna ta da safe, fayil ya shiga, ya buga shafi guda, ya rubuta cewa tana aiki. Gaskiya ya faɗa. Amma a shagon Sakkwato wuta na tafiya ana tsakiyar bugun kundi mai shafi tamanin, laftof na nan a kunne da batirinta, firinta ta mutu, yaro ya ruga ya ja janareto, firinta ta farfaɗo ba ta tuna komai. Shin tafintan zai gane ta dawo ya sake tura mata fayil ɗin, ko sai an cire waya an mayar? Bugun da ya katse zai ci gaba daga inda ya tsaya ne, ko zai faro daga shafin farko ya cinye takarda da tona, ko zai ɓace? Idan haka ta faru sau da yawa a wuni guda, layin zai cushe ne? Waɗannan tambayoyi ba a amsa su da karatun tushen manhaja. Sai an ja filogi da gangan an gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai ma wani saiti ƙarami da ya shafi wannan. Bisa asali, idan bugu ya gaza, CUPS takan dakatar da layin firintar gaba ɗaya har sai mai izini ya zo ya sake buɗe shi, kodayake wasu masu haɗa Linux sun mayar da nasu ya riƙa sake gwadawa. A ofishin da ke da ma'aikacin kwamfuta wannan hikima ce. A shagon da yarinya ɗaya ke buga takardu, mutum goma na tsaye a kanta ranar rufe rajista, wannan tsayawar kasuwa ce. Abin da mai shago zai ce da kai kawai shi ne, “Wagga na'ura ta ƙi hidda takarda, a maido mani da Windows ɗina.” Ba zai san cewa layi ɗaya ne na saiti ba. Wane hali sabon tsarin zai zaɓa a matsayin na asali, abu ne da ake yanke shi yanzu, kuma ana yanke shi ne bisa rahoton waɗanda suka yi magana.

Ita kuma LBP2900 da danginta harshensu daban ne, ana ce masa CAPT. Direban kamfanin Canon na Linux a rufe yake, ga tsufa, yana kuma tafe da wani ɗan aiki nasa da ke gudana a bayan fage. Akwai wani buɗaɗɗen direba da masu sa kai suka rubuta ta hanyar nazarin yadda na'urar ke magana. Kowanne daga cikinsu sai an zauna an gwada shi cikin sabon tsari. Haka ƙananan firintocin rasit masu takardar zafi da ke kantunan magani da manyan shaguna: da yawa ana tura masu bugu ne kai tsaye ba tare da an juya shi ba, wannan hanyar ma tana cikin abin da CUPS 3 za ta daina.

Sai batun data, wanda ban ga ana ba shi nauyin da ya kamata ba. Hanyar da OpenPrinting ta fi bi wajen raba waɗannan tafintoci ita ce kunshin Snap. Kunshi ne mai ɗauke da duk kayan da yake buƙata a cikinsa, saboda haka yana da nauyi, kuma bisa al'adarsa yakan leƙa intanet sau huɗu a wuni ya ga ko akwai sabo ya sauko da shi. Ga wanda ke da intanet na wata marar iyaka wannan ni'ima ce. Mu da muke sayen data da awo, bayan hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin sadarwa a Janairun 2025, kowace megabait da lissafinta. Kuma ba ma sai an je batun kuɗi ba. Ba mu manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar nan saboda matsalar tsaro. Asibiti da makaranta da sakatariya a waɗannan wurare ba su daina buƙatar takarda ba don babu sabis. Ya kamata wani ya tambayi masu aikin a fili, yaya za a ɗora duk wannan daga filash, a kwamfutar da ba ta taɓa ganin intanet ba, ta kuma ci gaba da aiki shekara uku a haka? Idan hanyar na nan, a rubuta ta dalla-dalla da Hausa. Idan babu ita, a nema tun yanzu.

Na san abin da wasunku za su ce: shago nawa ne a Sakkwato ke amfani da Linux? Kaɗan ne ƙwarai, ban musa ba. Yawanci Windows ne, wasu ma har yau 7 suke kai, wanda aka daina kula da shi tun Janairun 2020. Mai zanen kati da kalanda kuma ba zai rabu da CorelDRAW ba, ita kuwa ba ta da zubin Linux. Amma ku duba inda Windows ɗin ta nufa. Microsoft ta sanar a Satumbar 2023 cewa za ta janye daga rarraba direbobin firinta na kamfanoni ta hanyar sabunta Windows, a hankali cikin 'yan shekaru, ta koma kan IPP da Mopria. Hanya ɗaya ce da ta CUPS 3. Kulawar Windows 10 ta ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma na neman wani ɗan kayan tsaro a cikin kwamfuta mai suna TPM 2.0, da injin da ya fi na yawancin tokumbon da ke shagunanmu sabunta. Wato tsohuwar kwamfuta da tsohuwar firinta duka ana rufe masu ƙofa ta wancan ɓangaren, kuma a can babu wanda zai saurari ɗan Sakkwato. A ɓangaren buɗaɗɗiyar manhaja kuwa an yi alkawarin riƙe tsofaffin direbobi, kuma a nan ne kawai rahoton ɗalibin aji uku zai iya sa a gyara wani abu.

Wani abin da ke ba ni dariya shi ne, ita kanta tafiyar manhaja mai 'yanci a kan firinta ta faro. Wajen 1980 ne Richard Stallman ya nemi tushen manhajar wata firintar Xerox da ke cushe takarda a ɗakin bincikensu na MIT, aka hana shi, a 1983 ya shelanta aikin GNU. Kuna koyar da wannan a aji, na tabbata. Firintar da ke cushe takarda kuwa ga ta nan bayan katangar makaranta.

Aikin da nake roƙo ba ya buƙatar kuɗin TETFund. Laftof guda, filash guda, rim ɗin takarda, da mai shagon da ya yarda ya ba da aron na'urarsa da yamma. Ɗalibi ya ɗora Linux, ya saka tafintan da ya dace, ya buga shafin gwaji, ya buga gaba da baya, ya buga takarda mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, da wadda ke da Larabci da ajami da wasullansu, tunda a garin Shehu buga littattafan malamai ba ƙaramin ciniki ba ne. Ya sa katirij ɗin da aka cika da hannu ya ga ko manhajar za ta nace cewa tona ta ƙare. Ya kashe wuta ana tsakiyar bugu. Ya maimaita a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40, da kuma cikin ƙurar hunturu lokacin da takarda ke manne wa juna. Sannan ya zo ga ɓangaren da ya fi wuya, wanda kuma nan ne ake buƙatar ku: ya rubuta rahoto da Turanci mai tsabta, da sunan na'ura da lambarta, da zubin manhaja, da matakan da ya bi ɗaya bayan ɗaya, da fayil ɗin da ke nuna abin da ya gudana a ciki, ya shigar a ma'ajiyar OpenPrinting da ke GitHub, shafin intanet da ake ajiye tushen manhaja da karɓar rahoton matsaloli. Rahoton da ya ce “ba ta aiki” kawai, ba mai duba shi. Ni hannuna ya iya sukuddireba, amma wannan rubutun ba fagena ba ne.

Kowace shekara ɗalibai na zuwa shaguna irin nawa a buga masu kundin kammala karatu, kuma ina ganin kanun. Tsarin rajistar ɗalibai, tsarin kula da ɗakin karatu, tsarin biyan albashi, su ne dai suke ta dawowa, a ɗaure da baƙar fata a jera a kanta. Ba raini nake yi ba, yaro da abin da aka ba shi yake aiki. Amma da za a ce mutum biyar cikin kowane aji su ɗauki iri ɗaya na firinta kowannensu, su bi ta har a karɓi gyaran da suka jawo, da sun fita da abin da kowa a duniya zai iya dubawa ya ga sunansu a kai. Watannin SIWES ma da ake tura su ofisoshin da babu abin yi sai zaman benci, a turo mana su. Akwai kuma shirin Google Summer of Code, wanda OpenPrinting ta daɗe tana shiga, ana biyan ɗalibi da dala ya yi aiki na 'yan watanni tare da mai ja masa gora. Da yawan waɗanda suka yi aiki a kan sabon tsarin nan ta wannan hanya ɗalibai ne daga Indiya. Ana fifita wanda aka riga aka san shi da ƙananan gudummawa, rahoton matsala mai kyau kuwa shi ne matakin farko.

Game da lokaci, akwai sarari amma ba mai yawa ba. Ubuntu 24.04 na da kulawa har 2029, saboda haka babu firintar da za ta mutu gobe da safe. Sai dai al'adar fitar da manhaja ita ce a saki zubin gwaji, a karɓi ƙorafi, a rufe ƙofar sabbin canje-canje, a fitar. Abin da aka kawo kafin a rufe yakan shiga cikin ginin kansa. Abin da ya zo daga baya sai ya bi layi, wataƙila shekara biyu, har zubi mai dogon zango na gaba. Su tafintocin kuma sun riga sun fito, ana iya saka su yau a kan CUPS 2.4 a gwada, ba sai an jira na ukun ba.

Idan wani malami ya ga dacewar wannan, ya fara da 1020 da P1102, su suka fi yawa a gari. Ni da wasu abokan sana'ata muna da na'urorin da masu su suka bari ba su dawo ba, wasu na aiki sarai, wasu roba ɗaya ce ta cinye. Za mu gyara su mu kawo har sashenku, da katirij a cike. Takarda dai a ce ɗaliban su zo da ita.

Allah ya taimaki malamai, ya sa albarka a karatun yaranmu. Wassalam.

Naku,
Mai gyaran firinta, Sakkwato